Yadda yara ke koyo da hannu a ajin Montessori

A shekarar 1907 likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Ta lura cewa ƙaramin yaro ya fi riƙe abin da ya taɓa da hannunsa.

Kowane kayan aiki nata darasi ɗaya yake koyarwa. Akwai haruffa masu kaushi da yaro ke bi da yatsa yana furta sautinsu, tun kafin a ba shi fensir. Akwai katakai 10, daga mai santimita 1 zuwa mai santimita 10, da yake ɗorawa su zama hasumiya. In ya kuskure, idonsa ne zai nuna masa, ba tsawar malama ba. Ita aikinta ta nuna a hankali, sannan ta ja gefe ta sa ido.

Abin takaici, makarantu da yawa a garuruwanmu suna ɗauke da sunan Montessori, yara kuwa na zaune suna maimaita ƙidaya da baki. Alhali marfin kwalba, tsakuwa da karan dawa sun isa a koyar da ƙidaya, a farantin yashi kuma yaro zai iya fara rubuta harafi.