Man Inji Wanda Ba Ya Zuba, Ba Ya Ƙonewa

Duk direban kamyon da ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Arlit cikin bazara ya san abin da zafi ke yi wa man inji: ya tsinke kamar ruwa, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe. To, wannan zafi wasa ne in an gwada shi da na cikin injin jirgin sama. Da zarar ya haura digiri 300, mai da giris sai su ƙone, inji kuwa ya cije. Shi ya sa masana suka koma neman busasshen abu mai santsi da zai tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Wanda aka fi sani shi ne girafit, wato baƙin nan na cikin fensir. Amma yana da nasa hali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an lura cewa gawayin dinamo na jiragen da ke tashi can ƙololuwa yana cinyewa cikin ƴan awoyi. Bincike ya nuna ashe girafit ba ya santsi sai da laima cikin iska, can sama kuwa iska busasshiya ce. Akwai kuma wani baƙin gari, haɗin ma'adinin molibden da farar wuta, wanda bai damu da laima ba. Sai dai shi ma yakan lalace cikin iska wajen digiri 400.

Da yake babu guda da ya iya aikin shi kaɗai, sai aka yi dabarar gamin gambiza. Cikin shekarun 1980, a cibiyar binciken NASA da ke Cleveland ta ƙasar Amurka, wani masani mai suna Harold Sliney ya haɗa shafen da aka raɗa wa suna PS200. Kashi 80 cikin 100 ƙaƙƙarfan garin karbid na kurom ne da aka ɗaure da nikel, shi ke jure guga. Kashi 10 azurfa ce, ita ke ba da santsi tun inji yana da sanyi, lokacin da ake tayar da shi. Sauran 10 kuwa wani irin gishiri ne, fuloraid na bariyom da na kalsiyom, wanda ba ya laushi sai zafi ya wuce digiri 400. Daga nan yake karɓar aikin azurfa. Da wuta mai tsanani ake fesa haɗin a jikin ƙarfe, yana kuma aiki har wajen digiri 900.

Wani babban cikas ɗinsa: taurinsa ya kai sai da lu'ulu'u ake goge shi, abin da ke cin kuɗi ainun. Cikin shekarun 1990 Christopher DellaCorte da abokan aikinsa suka musanya karbid da oksid na kurom mai sauƙin gyara, aka sami PS300. An gwada shi a ƙananan injuna masu juyawa bisa iska, waɗanda ba a zuba musu ko ɗigon mai.