Karayar Hannu A Bakin Jarrabawa: Ina Mafita Ga Ɗalibi?

Masu iya magana sun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sau da yawa akan sami ɗalibi ya shafe shekara shida a makarantar sakandare yana ƙoƙari, iyayensa sun biya kuɗin jarrabawa da kyar, sai ana saura mako biyu a zauna ya faɗo daga kan keke, ko a ture shi a filin ƙwallo, ya dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Karatun yana nan daram a kansa, amma hannun da zai zuba shi a takarda ya tashi daga aiki. Abin tambaya a nan shi ne, ko ya kamata wannan yaro ya yi asarar shekara guda saboda ƙashi ɗaya?

Tun daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27, takwas daga cikinsu ƙanana ne da ke jere a wuyan hannun. Karayar da aka fi samu idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa ita ce ta ƙarshen ƙashin damtse na ɓangaren babban yatsa, kuma galibi takan ɗauki kamar mako shida a cikin filasta kafin ta haɗe. Akwai kuma wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa wanda tsagewarsa ba kullum take fitowa a hoton farko ba, har a zaci targaɗe ne, alhali kuwa warkewarsa na iya kai wata uku. Jarrabawar ƙarshe ta sakandare kuwa makonni ake yi ana rubuta ta. Watau ke nan wanda ya karye a bakinta, da ɗaurinsa zai gama ta.

A nan ne gaggawa ke jawo ɓarna. Don ɗokin yaro ya riƙe alƙalami, wasu iyaye kan sa maɗori ya tamke hannun da karare, ko kuma su kwance ɗaurin tun ƙashi bai haɗe ba. Likitocin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗaurin da ya matse yakan tare hanyar jini, yatsu su shanye su ƙanƙance, wani lokaci ma hannun ya ruɓe sai an yanke shi. Saboda haka idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka sake launi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, to asibiti za a nufa a wannan sa'a. Jarrabawa tana dawowa kowace shekara, amma hannu idan ya tafi ya tafi ke nan.

Wasu kan ce ai sai ya juya zuwa hagu. Wannan magana ce mai sauƙi a baki. Bahago bai wuce mutum ɗaya cikin goma ba, kuma wanda ya saba da dama tun yana makarantar allo ba zai koyi rubutun hagu cikin kwana goma ba. Hagu na iya cike gurbin amsa da fensir a takardar zaɓi-ka-cika. Haka kuma jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, latsa harafi kawai take bukata. Amma insha'i, da lissafi mai bin mataki-mataki, da zanen taswira, da aikin ɗakin gwaje-gwaje, duk waɗannan sai da hannu mai sauri, domin lokaci ƙayyadadde ne.

Ba yau aka fara fuskantar wannan matsala ba, kuma an san maganinta. A Ingila, alal misali, dokokin jarrabawa sun yarda a ba ɗalibin da ya ji rauni marubuci wanda zai yi wa shifta, ko a ba shi hutu a ƙarƙashin mai tsaro, ko a ƙara masa lokaci, yawanci kashi 25 cikin 100. Marubucin ba ya gyara, ba ya tunasarwa, abin da ya ji kurum zai rubuta. Hikimar ita ce, jarrabawa abin da ke cikin kai take aunawa, ba lafiyar yatsu ba. A Nijeriya ma, dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ko da yake domin masu nakasa mai ɗorewa aka yi ta, manufarta ta nuna cewa raunin jiki bai isa ya tare wa mutum ƙofar ilmi ba.

To, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tsaron jarrabawa ba shi da ikon sake tsari da kansa a safiyar ranar, kuma duk wanda ya zaunar da wani ya rubuta wa ɗalibi ba da izni ba, za a ɗauke shi a matsayin mai maguɗi, a riƙe sakamakon. Abin da ya wajaba shi ne, ranar da aka yi raunin a karɓi takardar likita, a kai wa shugaban makaranta, shi kuma ya rubuta wa ofishin hukumar jarrabawa na jiha, ko WAEC ce ko NECO, ya nemi amsa a rubuce. Idan an ba da izni, sai ɗalibi ya yi ta gwada shifta a gida, domin faɗar amsa da baki, da waƙafi da aya, fasaha ce dabam wadda sai an saba. A jarrabawar zangon karatu kuwa, wadda ke hannun makaranta kacokan, shugaba ba shi da hujjar barin yaro ya faɗi.

Idan duk wannan ya faskara, ƙofa ba ta rufe ba. Hukumomin nan biyu suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, kuma jami'o'i da dama suna karɓar darussa biyar da aka haɗa daga zama biyu.

Saura ya rage ga ma'aikatun ilmi na jihohi su aika wa kowace makaranta takardar umurni mai bayyana matakan nan filla-filla, domin ɗan talaka na ƙauye ya san haƙƙinsa kamar yadda ɗan birni ya sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle kuma hannun da ke cikin ɗauri.