Shirya Madafa Domin Sauƙi da Lafiyar Dattawa

An shirya wannan ɗan littafi domin dattawanmu maza da mata waɗanda har yanzu suke dafa abinci da hannunsu, da kuma 'ya'ya da jikoki da surukai waɗanda nauyin kula da su ya rataya a wuyansu. A shekarar 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar ƙasa mai kula da al'amuran dattawa, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da tsufa. Amma duk abin da hukuma za ta yi, kiyaye lafiyar tsoho daga cikin gida yake farawa. A cikin gidan kuwa babu inda haɗari ya taru kamar madafa, gama nan ne wuta da ruwan zafi da wuƙa da kaya masu nauyi suke haɗuwa wuri guda.

Abin da Shekaru Suke Canzawa

Tsufa ba ciwo ba ne, amma yakan rage wa jiki wasu abubuwa sannu a hankali, har mai shi bai lura ba. Hasken da yake isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon ɗan shekara 20 ba. Hanci yakan rage jin wari, saboda haka abinci ya kama ko gas ya yi yoyo ba a ji da wuri ba. Fata takan yi laushi, ƙuna kaɗan sai ta yi zurfi, mai ciwon sukari ma yana iya ƙonewa a ƙafa bai ji zafi ba. Ƙashi kuma yakan yi rauni, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa santsin da yarinya za ta yi ta tashi tana dariya, tsohuwa in ta yi shi sai ya zama karayar ƙugu da kwanciyar watanni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa wajen mutum 684,000 ne suke rasuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi ci.

Inda Ya Kamata a Ajiye Kaya

Ƙa'idar guda ɗaya ce, watau duk abin da ake amfani da shi kullum a ajiye shi tsakanin ƙugu da kafaɗar mai girkin, inda za ta ɗauka ba tare da ta sunkuya ko ta yi ɗage ba. Gishiri da daddawa da barkono da mai, da muciya da ludayi da mara, su zauna a kan kanta kusa da murhu, amma ba a bayansa ba, don kada a riƙa miƙa hannu ta saman wuta.

Manyan tukwanen suna da na salla a kai su wani wuri dabam, in bukatarsu ta taso yara su ɗauko. Kada a bar dattijuwa ta hau kujera ko turmi ko bokiti domin ta sauko da wani abu daga sama. Kada kuma a ɗora abu mai nauyi a bisa inda zai iya faɗo mata.

A tuna cewa lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 ke nan kilo 25 ce, wannan kuwa ya fi ƙarfin bayan tsoho. A cika randa ko bokiti mai famfo a ɗora a kan teburi mai ƙarfi, a riƙa ɗiba da moɗa. Haka nan hatsi da gari, a ɗebi na kwana biyu ko uku a ƙaramin mazubi mai murfi, buhun ya zauna a ɗaki. Daka da niƙa a bar wa inji ko matasa.

In an shirya kaya, to kowane abu ya zauna a mazauninsa. Wanda idonsa ya yi rauni da sabo yake aiki, in aka sauya wa kaya wuri ba a faɗa masa ba, sai ya ɗauki wani abu a maimakon wani.

Murhu da Wurin Zama

Girkin tsugune a gaban murhun duwatsu uku yana wahalar da gwiwa da baya. Har ila yau, tashi farat ɗaya bayan dogon zama yakan kawo jiri, balle ga mai shan maganin hawan jini, jiri a gaban tukunya mai tafasa kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne. Saboda haka a ɗaga murhu ko risho a kan dakali ko teburi wanda ba ya rawa, yadda mai girki za ta ga cikin tukunya ba tare da ta duƙa ba. A sama mata kujera mai tsawon gwiwa, mai majingina, domin ta yi yanka da tankaɗe da gyaran ganye a zaune. In za ta tashi ta dafa wani abu mai ƙarfi, ta tsaya kaɗan tukuna, sa'an nan ta taka.

Tuƙin tuwo yana bukatar tukunyar da ta zauna daram. A yi amfani da ƙaramar tukunya mai hannu biyu, kada a cika ta har baki. Maimakon a ɗauki tukunyar miya mai zafi a ratsa tsakar gida da ita, gara a kawo kwano a zuba a nan inda take.

Daɓe da Haske

Ruwa ko mai ko miyar kuɓewa in ta zube a share nan take. A kawar da tsohuwar tabarma da yagaggiyar leda da igiyar lantarki daga hanya, a cike ramukan daɓe da siminti. Silifa mai santsi da zanen da yake jan ƙasa su ma suna kayar da mutum.

Madafa tana bukatar haske sosai, musamman a kan murhu da wurin yanka. A shafa wa bango farar ƙasa ko farin fenti domin ya ƙara haske. A ajiye fitila mai caji ko tocila a wuri guda sananne saboda ɗaukewar wuta, gama ta fi kyandir da aci-balbal aminci.

Wuta da Hayaƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Yakan jawo ciwon huhu da na zuciya, yana kuma lalata ido. Lalle ne madafa ta kasance da taga ko mafitar hayaƙi, a kuma yi amfani da busasshen itace. Waɗanda suke zaune a gidajen haya na Ikko ko Badun ko Fatakwal, inda ake girki a baranda ko a ƙofar ɗaki, su lura kada risho ya tare hanyar wucewa.

Ko kusa kada a shiga da garwashin gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa domin jin ɗumi lokacin hunturu. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, takan kashe mutum yana barci.

Mai amfani da risho ya sayi kananzir a wurin da aka amince da shi, domin wanda aka gauraya da fetur yakan fashe. Kada a ƙara kananzir risho yana ci ko yana da zafi.

Mai amfani da gas ya sani ta fi iska nauyi, in ta yi yoyo ƙasa take kwanciya. A tsai da tukunyar gas a miƙe a wuri mai iska, a riƙa gwada tiyonta da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yoyon yake. In an ji warinta a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

Gyale da hijabi da riga mai faɗin hannu suna kama wuta da sauri, balle na roba. A ɗaure su ko a tuɓe su kafin a tsaya gaban murhu. Kada a bar mai a kan wuta a tafi salla ko amsa sallama. In mantuwa ta fara yawa, to a sami wanda zai riƙa zama tare da mai girkin.

Abinci da Guba

Cikin tsoho ba ya jure lalataccen abinci kamar na matashi. Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firiji ba. Ɗumame kuwa a tabbata ya yi zafi har cikinsa. Kananzir da fiya-fiya da shinkafar ɓera kada su kwana a madafa, kada kuma a zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwa.

In Haɗari Ya Auku

1. In mai ya kama wuta, a kashe murhu a rufe kaskon da murfi. Kada a zuba ruwa. A ajiye bokitin yashi kusa.
2. In tufa ta kama wuta, kada a gudu. A kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe mutum da bargo.
3. In an ƙone, a riƙa zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja ko ƙwai ko gishiri ko man goge baki. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.
4. In tsoho ya faɗi ya kasa tashi, kada a ja shi da ƙarfi, wataƙila akwai karaya. A nemi ma'aikacin lafiya, ko a kira lambar gaggawa 112.

Kira Ga Iyali

Waɗansu in sun ga rauni ya fara, sai su hana uwarsu shiga madafa gaba ɗaya, suna ganin gata suka yi mata. Sau da yawa wannan yakan sa ta ji an mai da ita saniyar ware, zaman banza kuma ya ƙara kashe mata jiki. Abin da ya fi shi ne a zauna da ita, a ji abin da yake ba ta wuya, a gyara wurin da shawararta. Yawancin gyare-gyaren nan ba su wuce aikin yini ɗaya da kuɗi kaɗan ba. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a fara gyaran tun yau, domin rigakafi ya fi magani.