Zane Da Zoɓo Da Gawayi: Larabata A Aji Huɗu

Duk ranar Laraba, da an dawo daga tara, nakan shiga aji huɗu na wata firamare a Sabon Garin Gusau, riƙe da tsohuwar jaka cike da kwalayen taliya da na roƙo a shaguna. Ni ba malama ba ce, ɗinki nake yi a gida. Wata ƙawata da ta yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla da ke nan Gusau ce ta nemi in riƙa kama mata darasin zane da aikin hannu, don yaran sun yi wa mutum ɗaya yawa. Darasin yana cikin manhajar firamare ta ƙasa, amma manhaja ba ta zuwa da fenti.

To, da babu kuɗin fenti sai muka koma kicin. Baƙi dai tawadar allo ce, gawayi da ƙaro. Rawaya daga kurkum, shuɗi daga bular wanki, ja kuwa zoɓo muka dafa ya yi kauri. Ranar da na ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓon ya rikiɗe ya koma kore-kore, ajin ya kaure da salati. Na matsa lemon tsami a wani kofin, jan ya ƙara fitowa fes. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, tsafi na?" Na ce a'a, kimiyya ce. Ƙasa kawai na hana a ɗebo mana daga inda ba mu sani ba. Wanda ya tuna gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai bar yaro ya dama kowace ƙasa da hannu ba.

Ba a yi wata guda ba wani magidanci ya zo da kansa, ransa a ɓace. Ya ce bai kawo 'yarsa boko don a koya mata zana mutum-mutumi ba, in haka ne zai cire ta. Ban ga laifinsa ba, domin hadisan da suka yi gargaɗi kan suranta mai rai sanannu ne. Na ce, "Malam, bismilla ka ga abin da muke yi." Na shimfiɗa masa aikin yaran a benci: dagi, aska takwas irin ta wuyan babbar riga, zanen faifai, da zayyana irin ta allon sauka. Ƙawata ta tuna masa cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya shawarci wani mai sana'ar zane ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya daɗe yana kallon zayyanar da 'yarsa ta yi. Can ya ce irinta aka yi wa allonsa ranar saukarsa. Ya nemi a ba shi kwalin, ya tafi da shi a hannu, bai naɗe ba.

Wata rana kuma na zaro naira 20 na ce su juya bayanta. Ba wanda ya san matar da ke ginin tukunya a jiki. Na ce Ladi Kwali ke nan, wadda ta rasu a 1984, yumɓu ne ya kai ta har Ingila da Amurka. Wata 'yar maginiya da kullum ake tsokana da sana'ar uwarta ta gyara zama, ta dubi ajin ɗaya bayan ɗaya.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata ce da ke zama can baya, kusa da taga. Iyayenta sun baro ƙauyensu a yankin Tsafe saboda 'yan bindiga, kamar dai iyalai da yawa da suka cika Gusau daga nan da ƙauyukan Bunguɗu. Makonni muna tare ban ji muryarta ba. In an ba ta kwali sai ta shafe shi da baƙi gaba ɗaya. Ƙawata ta so ta yi mata faɗa kan ɓarnar tawada, na ce a ƙyale ta, gawayi ai ba tsada.

Ranar da na ce kowa ya zana abin da yake gani daga ƙofar gidansu, yawanci masallaci da Keke Napep suka yi, wani ya yi Dutsen Kwatarkwashi don can ne garin kakarsa. Ita kuwa ta yi rumbu uku, da rijiya, da wata babbar tsamiya. Ba ta taɓa baƙi ba sai a bakin rijiyar. Na tsuguna gefenta ban ce komai ba. Ta ɗora yatsa kan rumbun tsakiya, ta ce a hankali, "Wanga na Inna na."

Na ce, "Me ke ciki?"

Ta ce, "Maiwa."

Sai ta tambaye ni ko akwai sauran rawaya, tana son ta yi wa rumbun jinka. Kurkum ya ƙare a ranar. Na ce ta ajiye kwalin a wurina, Laraba mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da shi. Da na shigo makon gaba, tana tsaye a bakin ƙofar aji tana jira.