Ɗaliban Likitanci A Hartum: Karatun Gefen Gado Da Yaƙi Ya Katse

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Babu sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar likitanci, domin kome yawan littattafan da ɗalibi ya haddace, ba ya zama likita sai ya tsaya a gefen gadon majiyyaci, ya saurari kukansa, ya taɓa jikinsa da hannu. Wannan horo ne 'yan Nijeriya da dama suke samu a asibitocin ƙasar Sudan, har zuwa lokacin da yaƙi ya raba su da shi a shekarar 2023.

Birnin Hartum ya daɗe yana yaye likitoci. Tun 1924 aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener, wadda daga baya ta zama wani sashe na Jami'ar Hartum. Sannu a hankali makarantu suka yawaita, samari da 'yan mata daga Nijeriya suka riƙa zuwa, wasu da kuɗin iyayensu, wasu kuwa gwamnatocin jihohinsu suka tura su.

Bayan shekarun farko na zaman aji, sai a raba ɗalibai rukuni-rukuni, su riƙa zagaya sassan asibiti: jinyar manya, tiyata, jinyar yara, da sashen haihuwa da cututtukan mata, kowanne su yi makonni a cikinsa. Makon aiki a can ran Lahadi yake farawa. Da sassafe ɗalibi zai sa farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya bi bayan babban likita gado-gado. Akan ba shi majiyyaci guda, ya tambayi yadda ciwon ya faro, ya duba shi, sa'an nan ya yi bayani a gaban jama'a. Nan fa ake yin ta, gama babban likita zai yi ta jefo tambayoyi, wanda bai shirya ba kuwa ya sha kunya a gaban 'yan'uwansa. Ga kuma kwanan asibiti a ɗakin haihuwa, inda ba a san dare ko rana ba.

Amma babbar jarrabawar baƙo ita ce harshe. Galibin littattafan da Turanci aka rubuta su, alhali kuwa tsohuwar da ke kwance ba ta jin kome sai Larabcin Sudan na gida da kasuwa. Ɗalibin da ya zo yana taƙama da nahawu sai ya ga bai iya tambayar inda ke yi mata ciwo ba, tilas ya koma almajirin nas-nas da masu jinya. Daɗin abin, akwai Hausawa da yawa a Sudan, jikokin maniyyata aikin Hajji da suka yada zango a kan hanya, don haka wata rana majiyyaci kan amsa gaisuwa da Hausa. Bugu da ƙari, ɗalibi yakan ga cututtukan da ba lalle ya gani a gida ba, kamar kala-azar mai kumbura saifa, da maisitoma mai cin ƙafa, wadda aka kafa mata cibiyar bincike a Soba.

Ran Asabar 15 ga watan Afrilu, 2023, cikin azumin Ramalana, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun Janar Muhammad Hamdan Dagalo. Galibin asibitocin Hartum suka daina aiki. Aka kwashi ɗaliban Nijeriya a motoci, wasu zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki suna jiran izinin shiga, wasu zuwa Fot Sudan, kuma a farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja.

Sun tsira da rayukansu, amma saura karatu. Ana iya ba da lacca ta intanet, ba a kuwa iya taɓa cikin majiyyaci ta intanet. Shi ya sa wata jami'ar likitanci mai zaman kanta ta Hartum ta kai ɗalibanta asibitocin Tanzaniya da Ruwanda don su ƙarasa zagayensu. Hukumar Kula da Likitoci ta Nijeriya ma ba ta wasa da wannan batu: a 2022 ta ce ba za ta karɓi karatun intanet na ɗaliban da yaƙin Yukiren ya koro ba, kuma duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa majiyyaci.

Saboda haka ya kamata iyaye da gwamnatoci, kafin su tura yaro, su tambayi asibitin da zai yi horo, da harshen majiyyatansa, da inda za a kai shi in al'amura suka rikice. Ba a fafe gora ranar tafiya.