Amsar Wasiƙunku: Wai Mene Ne "Kwambenshan"?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tsafe. Ya ce gardama ta kaure tsakaninsa da abokin cinikinsa, mutumin Bunguɗu. Shi ya ce "kwambenshan" taron 'yan siyasa ne, abokin ya ce a'a, takarda ce da ƙasashe ke sa wa hannu. Har sun yi da juna wanda ya faɗi shi zai sayi goro.

To Malam, sai ku raba kuɗin goron, domin kowannenku yana da gaskiya. Kalmar ta Turanci ce, asalinta daga Latin, ma'anarta haɗuwa wuri guda.

Naka dai shi ne babban taro. A watan Maris na 1993 jam'iyyar SDP ta yi nata a Jos ta tsayar da Abiola, NRC kuma ta yi a Fatakwal ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa. Ita NRC ma, harafin ƙarshe na sunanta wannan kalma ce.

Na abokinka kuwa shi ne yarjejeniya. Idan ƙasashe suka taru suka amince da abu, takardar ma sunanta ke nan. Misali yarjejeniyoyi huɗu na birnin Janiba na 1949, waɗanda suka hana a cutar da fursunan yaƙi, da sojan da ya ji rauni, da farar hula.

Amma akwai ta uku da ku duka biyu kuka tsallake, ita ce kuwa ta fi shafar mu. Wato abin da aka saba, kowa ya yarda da shi, alhali babu inda aka rubuta. Mu al'ada muke ce masa. Karɓa-karɓar shugabancin ƙasa tsakanin Arewa da Kudu irin wannan ce. Ka duba tsarin mulkin 1999 daga farko har ƙarshe ba za ka same ta ba.

Kai ma da ita kake ciniki. Wa ya rubuta cewa dillali zai karɓi la'ada? Wa ya rubuta cewa in an ce "Allah ya ba da riba" ciniki ya faɗa? Haka a ƙauyukan Gusau da Bunguɗu iyayenmu suka saba: in an kwashe amfanin gona sai makiyayi ya shigo da shanu su ci kara, su bar wa manomi taki, shi kuma manomi ba ya nome burtali. Babu takarda, kunya da ganin girman juna ne suka riƙe abin. Da aka fara nome burtali, shanu kuma suka fara shiga gona tun hatsi na tsaye, kowa a Zamfara ya ga inda aka kwana.

Ni a ganina nan raunin al'ada yake: ranar da ɗaya ya ce bai san zancen ba, ɗayan ba shi da abin nunawa. Saboda haka in aron gona ne, ko jingina, ko bashin hatsi zuwa kaka, a kira shaidu gaban mai unguwa a rubuta, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

A gaishe mana da mutumin Bunguɗu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.