Jego a Jos: Wankan Ganye da Katin Awo

A unguwannin Jos irin su Gangare, Rikkos da Unguwar Rogo, mace kan yi awo a ƙaramin asibitin unguwa, ta haihu a hannun nas, amma da an sallamo ta sai ragama ta koma hannun tsofaffin gida. In haihuwar fari ce, gidan iyayenta za ta tafi wanka.

Tun da asuba ake hura wuta, da itacen da miji ya tanada. A tafasa ruwa a garwa, sai uwa ko ungozoma ta riƙa tsoma damin ganyen darbejiya tana fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi, safe da yamma, har arba'in. Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, hunturunta kuwa ba wasa, shi ya sa abin da tsohuwa ta fi tsoro shi ne a ce sanyi ya shigi 'yarta. Bayan wanka sai kunun kanwa da gasasshen nama da yaji, don nono ya kawo, ƙarfi ya dawo.

Kanwar ce abin dubawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun alaƙanta yawan shanta, haɗe da tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Gishirin cikinta na tara ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura, haki ya taso. Abin takaici, a gida sai a ce sanyi ne, a ƙara wuta.

Nas mai dabara ba ta cewa a daina wanka, ta san ba mai jin ta. Sai ta ce, "Mama, a sirka ruwan, a rage kanwa, in ƙafa ta hau a kawo ta mu auna jini." Cibiyar jariri ma, maimakon gashi da tsumma, a shafa maganin Chlorhexidine. A taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 an yarda ungozomar gargajiya na da gurbi a kiwon lafiya matakin farko, muddin ta samu horo.

Lissafin ma ya zo daidai: ana gama arba'in da kwana biyu jariri ke cika mako shida, lokacin allurar rigakafi, sai uwa ta haɗa yawon arba'in da komawa asibiti a auna ta.